Hulunan da Suka Ƙi Sauka Daga Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da aka je nema mini aure a Ɗansoshiya, ko da yake na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawar. A lokacin ni akawu ne a Bebeji, mai cikakkiyar shaidar karatu, kuma mutum ne da ba ya ganin ɓarna ya yi shiru. Babu makon da zai wuce ban rubuta takardar ƙorafi a kan sakacin wani ba. Mutane sun daina kiran sunana ma, sai dai Akawu.

Bayan an kammala aikin madatsar Tiga, na sayi wata tsohuwar jif a gwanjo, irin mai rufin ƙarfe da ake kwancewa a sauke. Injinta lafiya lau, amma cikin rufin abin takaici ne: tsatsa, hayaƙin taba, da sunayen leburori da aka zana da ƙusa. A cikin wannan mota zan ɗauki ƙanen mahaifina, Baffa Sule, da na'ibin limamin unguwarmu, su je su nema mini auren Hajara wurin baffanta. Na ce ba zai yiwu dattawana su zauna ƙarƙashin wannan ƙazanta ba.

Ranar Juma'a da yamma na kwance kusoshi, maƙwabta suka kama mini muka sauke rufin, muka kwantar da shi rigingine a tsakar gida a kan turame biyu. Na goge tsatsar tas, na buɗe gwangwanin shuɗin fenti da na sayo daga Kano. Sai na tarar ya yi kauri kamar tuwon jiya. A jikin gwangwanin an rubuta da Turanci cewa fentin mai ne. Na yi nazari irin na masu ilmi: abin da aka yi da mai, da mai ake sirka shi. Na shiga ɗakin mahaifiyata na ɗauko kwalbar man gyaɗa.

"Ina za ka kai mini man tuya?" in ji Inna.

"Aiki ne na fasaha, Inna."

"Ni dai masu fentin asibiti da na gani, da kananzir suke sirkawa."

"Waɗannan ba su karanta gwangwanin ba," na ce mata. (Allah Ya yafe mini wannan jimla.)

Fentin kuwa ya kwanta sumul, yana sheƙi. Na rubuta a littafina sa'ar da na gama, domin gwangwani ya ce awa ashirin da huɗu ya isa. Da lokacin ya cika ranar Asabar, na taɓa da yatsa, na ji yana da ɗan danƙo. Na dubi yatsan, na dubi agogo, na yanke hukunci cewa yatsan ne ya yi kuskure. Na rubuta "ya bushe", na ja layi, aka mayar da rufi aka ɗaure.

Ranar Lahadi muka tashi da hantsi. A al'ada, mai neman aure ba ya bayyana a irin wannan zama, amma babu wanda ya iya tuƙi sai ni. Saboda haka muka shirya zan sauke su a ƙofar gida, in ja mota can bayan gari, kada kowa ya ga fuskata. Baffa ya sa doguwar hularsa ta zuwa Idi, Na'ibi ya naɗa farin rawani, ni kuma na kafa jar dara. Rana ta buɗe a kan rufin ƙarfe, hanya kuma duk gargada, kowane rami sai ya ɗaga mu sama.

Bayan mun wuce garin Ƙofa, Baffa ya yi gyaran murya daga baya.

"Akawu, kamar motar nan tana riƙe mini hula."

"Iska ce, Baffa," na amsa, ban ko waiwaya ba. A gaskiya ni ma na ji darata ta daina motsi tare da kaina, amma na riga na rubuta ya bushe.

Muka isa muka tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa kusan goma suna jira, baffan Hajara, Malam Ɗanjuma, a tsakiyarsu. Baffa Sule ya fara sauka, cikin natsuwa da kamala, kansa a buɗe, da layin shuɗin fenti daga goshi zuwa ƙeya. Na'ibi ya biyo shi yana sallama. Bakin rawaninsa ya manne a rufi, shi bai sani ba, yana tafiya rawanin yana warwarewa a bayansa, har ya kai taku biyar kafin ya tsaya cak kamar an ja linzami.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Malam Ɗanjuma ya taso a hankali, ya leƙa cikin motar. Hular Baffa tana reto a sama. Ni na nutse a kujera, darata tana can inda na bar ta. Ya dangwali rufin, ya shinshina.

"Wannan ai ƙanshin ƙuli-ƙuli ne. Malam Sule, wane gwani ne ya yi muku wannan aiki?"

Na roƙi Allah Baffa ya ce wani mai fenti ne a Kano.

"Wanda muka zo nema wa auren," in ji Baffa. "Ga shi nan a gaba."

Aka ce in fito. Na durƙusa a gaban surukan da bai kamata su gan ni ba, kai ba hula, na gaida su. Malam Ɗanjuma ya nemi bayani, ni kuma, da yake ban iya taƙaita rahoto ba, na zayyana komai daki-daki, har da gargaɗin Inna. A zuciyata na riga na yi ban kwana da Hajara.

Da na gama, Malam Ɗanjuma ya juya wurin Baffa.

"An gaya mana yaron nan ba ya kuskure, kuma wannan ne ya sa muke ɗari-ɗari. 'Yarmu takan ƙona miya. Yanzu hankalina ya kwanta. Mun ba ku." Ya ƙara da cewa, "A kawo kananzir a wanke wa baƙi kai."

A lokacin ne dariyar ta ɓarke, har Na'ibi ya zauna a ƙasa yana share hawaye da ragowar rawaninsa.

Abin da na koya shi ne, idan mutum zai yi wauta, gara ya yi ta a gaban surukansa tun kafin a ɗaura aure. Daga ranar, duk shirmen da na tafka, sai a ce a Ɗansoshiya, "Ai Akawu ya samu sauƙi."