Barkonon Gwaggo da Faifan Raufu

Jama'a, jiya Asabar na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake. An kwashe wa tsohuwa amfanin gonarta da rana tsaka, da makaɗa, da tafi, har da jawabin godiya. Ku gyara zama in ba ku labari daga tushe.

Maƙwabcina Raufu, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Funtua, Bayerabe ne amma a nan aka yanke masa cibi, Hausarsa ma ta fi tawa gishiri. Bai shan taba, bai zuwa kallon dambe. Jarabarsa ɗaya ce: wani ƙaton faifan ƙarfe mai raga da ya kafa a kan ginshiƙi jikin katangarsa, wai shi satilayit. Yana da ɗan inji a gindi. In ya danna maɓalli daga ɗaki, sai faifan ya fara gurnani yana juya fuska daga gabas zuwa yamma, yana kamo tashoshin talabijin na ƙasashen duniya, kuma kyauta. Na tambaye shi yadda abin yake, ya ce, "Malam Shitu, taurarin nan layi suka yi a sama, kamar ku a gidan mai. Bambancin kawai, su kowa ka je wajensa sai ya ba ka wani abu."

Abin haushin, Raufu bai taɓa barinmu mu kalli shiri ɗaya har ƙarshe ba. Kana cikin kallon Larabawa suna tseren raƙuma, sai ya ce bari a leƙa Rasha. Shi farautar ce daɗinsa, ba naman ba.

To, tun kafin kaka wutar unguwarmu ta yi tafiyar da ba sallama. Ta ɗauke ne daidai lokacin da faifan ya zo tsakiyar hanya, sai ya tsaya cak yana kallon sama, kamar mai roƙon ruwa. Raufu yana da ɗan janareta, amma me za a zuba masa? Ni da kaina na bi masa layin mai da galan tun hantsi har la'asar, ina zuwa bakin famfo aka ce ya ƙare, alhali ina kallon ana ɗura wa wata motar da ba ta da lamba ta ƙofar baya.

Ana nan sai Gwaggo ta shigo zance. Gwaggo tsohuwa ce mai zaman kanta a bayan gidana, tana da 'yar gona a hanyar Maska, ba ta shuka komai sai barkono. Bana ya yi mata kyau, kuma a kansa ta ɗora duk burinta: ɗakinta na yoyo, da kuɗin barkonon za ta sa kwano kafin damina. Matsalarta wurin shanya. A ƙasa kaji su tona, a bakin titi motoci su bi ta kai. Ta daɗe tana kallon faifan nan, rannan ta yi sallama.

"Raufu, wannan faifan naka, zaman me yake yi?"

"Jiran wuta yake, Gwaggo."

"To ai ya samu zama. Ara mini in yi shanya a kai."

Raufu ya hau tsani da kansa ya baza mata barkonon kaf. Wallahi ban taɓa ganin wurin shanya irinsa ba: rana ta sama, iska ta ƙasa, ba kaza ba akuya. Na ce lallai Bature ya yi wa manomi tanadi bai sani ba.

Sai ga sanarwa cewa Mai Girma Sarkin Almakashi, Garkuwan Alkawari, Allah ya ƙara masa tsawon ƙyallen yankawa, zai zo buɗe mana taransifoma. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Ba yau aka fara buɗe taransifomar nan ba. Duk zuwa sai a sake mata fenti, a yanka ƙyalle, a ci shinkafa, a bar mu da aci-balbal. Mun san ganin Dala ba shiga birni ba ne. Kuma kun san al'adarmu, ba mai kashe makunnin wuta, kowa a kunne yake barin nasa don ya san ranar da ta dawo. Raufu shi har tsinken ashana ya soka ya danne maɓallin yamma tun ranar da aka ɗauke, ya manta da shi.

Ashe wannan karon an zo da sabon salo. An ɓoye ƙaton janareta cikin wata motar roka a bayan kango, an ja waya ta ƙarƙashin tabarmi an haɗa da layin unguwa. Rumfar manyan baƙi kuwa an kafa ta jikin katangar Raufu, don nan ce mai inuwa.

Mai Girma ya sa almakashi, fitilu suka kama. Kafin mu gama salati sai na ji gurnanin da na sani. Na ɗaga kai, ga faifai ya fara sunkuyowa yamma a hankali, cikin natsuwa, kamar mai gaida surukai. Raufu ya zabura zai ruga gida, wani mai kulki ya tare shi ya ce ba a motsi in Mai Girma na jawabi. Barkono ya fara zubowa ta kan katanga, jawur, shaaa, har ya yi tsibi a kan darduma a gaban manyan baƙi.

A nan ne na sara wa sanƙiran taron, don mutumin ya san abincinsa. Ya fizgi lasifika ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga ikon wuta! Manoman yankin nan ne suka shirya maka tsaraba ta hanyar zamani!" Makaɗa suka ɗauka, aka ɓarke da tafi. Mai Girma ya dafa ƙirji, ya ce bai taɓa ganin talakawa masu karamci irinmu ba. Kan ka ce kwabo, hadimai sun fito da buhuna daga bayan motoci, sun kwashe barkonon. Har yanzu ina mamakin yadda aka yi suke yawo da buhuna a shirye.

Gwaggo ta kutsa tana cewa, "Nawa ne! Bayin Allah, nawa ne!" Wani mai babbar riga ya riƙe hannunta da ladabi ya ce, "Mun sani, Iya, an gode. Allah ya ba da lada." Har hoto aka ɗauke ta tana miƙa hannu.

Motar ƙarshe na shan kwana, wuta ta bi su. Faifan ya tsaya a karkace, bai kallon sama bai kallon ƙasa. Ni dai dariya ta gudu daga bakina, don na ga Gwaggo durƙushe tana tsintar abin da takalma suka rage, bai cika gefen zaninta ba. Raufu ya tsuguna kusa da ita yana ba da haƙuri, ido ya yi ja. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dubi faifan ta daɗe, sannan ta ce:

"Ɗan nan, an ce abin nan naka har ƙasar Rasha yake gani?"

"Yana gani, Gwaggo."

"To duba mini inda aka kai barkonona."

Raufu ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai an kawo wuta, Gwaggo."

Na ji an ce wata mai zuwa Mai Girma zai dawo buɗe mana famfo, saboda ya yaba da halinmu. Na riga na gaya wa mai ɗakina, ranar ta shigar da kaji ɗaki ta sa kwaɗo.