Ɗan Sakkwato a Kan Dutsen Wuta

Da matata ta yi mana booking ɗin hawa dutse mai aman wuta a Iceland, tun muna gida a Abbey Wood na cire rigar sanyina daga akwati.

Ta ce, "Baban Amira, an ce akwai ƙanƙara fa."

"Ƙanƙara a kan wuta? Haba! Ni ɗan Sakkwato za a koya wa zafi?"

Muka tarar da dutsen fari fat. Wutar tana can ƙarƙashi, ba ruwanta da ni. Ban yi nisa ba haƙorana suka fara karo. Cikin jaket ɗin matata mai ruwan hoda jagoranmu ya sauko da ni.

Har yau, in yara za su buɗe firiji sai su ce, "Daddy, matsa baya, kada ka ƙone!"