Yaƙin Sadisu da Ragowar Kwafi

Da sunan Mai kiyaye asiri muke buɗe tarihin Sadisu ɗan Ilu mai gyaran rediyo, jikan Barau maƙeri, sadaukin masu rubuta manhaja na Samaru, dodon madannai, wanda bai taɓa kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace ba.

Asalin fitina kuwa, a ofishinsu akwai kundi cikin kwamfuta mai adana kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Ranar wata Talata da zafi ya kai zafi, Sadisu ya rubuta a bayanin gyaransa: “Na gyara shirmen Manaja Tukur mai kan ƙwarya.” Sai da ya tura, sannan hankalinsa ya dawo. In Manaja ya gani, aiki ya tafi.

Nan gwarzo ya naɗe hannun riga, ya sake rubuta tarihi tun daga tushe, ya shafe jumlar kamar ba a taɓa haifarta ba. Amma kash, tsohon tarihi ya bar zuriya. Sadisu ya yi kabbara ya afka wa rundunar kwafin da aka ajiye: ya fille kan “na_ƙarshe”, ya tumɓuke “na_ƙarshe_na_gaske”, ya yi kwana biyu yana gwabzawa da “na_ƙarshe_wallahi”, ya bi kwamfutocin abokan aiki ɗaya bayan ɗaya da roƙo da sayen lemo, har filas ɗin ajiyar bayanai da ke rataye a makullin babur bai tsira ba.

“Saura wa?” ya yi kirari a tsakar ofis.

Saura Malama Larai sakatariya, wadda ba ta yarda da kwamfuta ba ko misƙala zarratin. Duk Juma'a takan buga tarihin nan kaf a takarda, in ya tsufa ta raba wa mai balangu da mai ƙosai na bakin gareji.

Talatar da ta zagayo, bayan azahar, Sadisu ya shiga wurin Manaja, ya tarar da balangu baje kan takarda a tebur, sunansa na kallonsa ta ƙarƙashin albasa. Bai yi shawara da kowa ba. Ya fizge takardar ya tura a baki, ya tauna da yaji da tawada, hawaye na zuba, ya haɗiye maƙiyinsa na ƙarshe.

Manaja Tukur ya dube shi ya ce:

“In maganar kan ƙwarya ce, tun Litinin na karanta ta a naɗin ƙosai. Sha ruwa ka koma aiki. Shirmen ma bai gyaru ba.”