Yadda Za Ka Faɗi Binciken Alƙalan Wasan Yara Ka Ceci Barcinka na Lahadi

Albishirinka, ya kai uban da jirgin ƙasan safe ke matsewa kamar kifin gwangwani! Ƙungiyar ƙwallon 'yarka ta ce daga yanzu duk wanda zai hura usur ko ya ɗaga tuta sai an binciki tarihinsa, don kare yara. Wanda ya tsallake, shi ne alƙalin wasa kowace Lahadi. Wanda ya faɗi kuwa yana gida cikin bargo. Ka hango garaɓasar? Ni Baban Nozomi na nan garin Shizuoka, na yi maka alkawarin faɗuwa warwas, ba ko tantama.

Mataki na 1: Ka san da wa kake karawa

Sunanta Kuwahara-san ("san" ɗin na girmamawa ne), shugabar iyayen ƙungiya. Ba ta ɗaga murya. Za ta rusuna ta ce, "Baban wance, mun san aiki ya yi maka yawa, shi ya sa muka ba ka Lahadi kaɗai."

Kada ka ce a'a, ba a haka a garin nan. Ka ja iska ta haƙori, ka karkata wuya, ka ce, "Kai, abin da ɗan wuya."

Za ta ce, "Madalla, mun gode da ka amince." Kada ka karaya, yanzu aka fara.

Mataki na 2: Ka nemo wa kanka baƙin suna

Matsalarka ita ce tarihinka fes yake, abin kunya ga namiji mai shekarunka. Sai ka gyara. Ka fitar da kwalabe ranar kwashe sharar ƙonawa, ranar da aka hana fitar da su, ka tsaya kowa ya gan ka.

Da na gwada, tsoho Inagaki maƙwabcina ya ɗauki jakar, ya wanke kwalaben, ya kawo mini har ƙofa. "Gajiya ce, ɗana," in ji shi. "Ban gaya wa kowa ba." Masu hikima sun ce maƙwabci nagari shi ne babban maƙiyin mai neman tsiya. Ni ne masu hikimar.

Mataki na 3: Ka dawo daga tafiya hannu rabbana

Ka je Osaka aiki, ka dawo ba tsaraba, ko alewa ɗaya. Wannan kan rusa mutum har jikokinsa. Amma ka sa ido kan matarka. Tawa, Sachie, tasha ta ruga ta sayo kwalin alewar wake, ta raba wa iyaye da sunana.

"Ba za ka zubar mini da mutunci a kan barci ba," in ji ta.

Mataki na 4: Babban makami

Ranar taron iyaye a gidan shugaba, ka shiga banɗaki, ka saka silifas ɗin da aka keɓe wa banɗakin kaɗai, ka fito da su. Ka taka tabarmar falo da su, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har gaban tiren shayi. Wallahi da na yi, wata uwa sai da ta rufe ido da hannu biyu. Daɗi ya kashe ni, har na fara jin ɗumin bargona.

Kuwahara-san ta dubi ƙafata ta yi murmushi. "Baban Nozomi, masu cutar da yara ake nema. Ƙazanta ba ta cikin abin da suke dubawa. Ƙazami ma ai yana da bakin hura usur."

Mataki na 5: Ka ɗora wa wani

A kowace ƙungiya akwai mai zaƙewa. Namu Fujimaki-san ne. Ba shi da ɗa a ƙungiyar, amma shi ne alƙali, shi ne direban mai da yara gida, shi ne mai tsaron ɗakin canza kaya. Ka yabe shi a gaban kowa, ka ce ina kai ina gwani!

Na yabe shi har bakina ya bushe. Da aka zo sa hatimin amincewa da bincike, wanda a nan shi ne sa hannu, ya shafa aljihu ya ce ya manta nasa a gida, bari ya ɗauko. Har yau bai dawo ba, wayarsa ma ba ta shiga. Ban san dalilinsa ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba.

A hanyar gida ina ta mita, Nozomi ta ce, "Baba, gara da ya tafi. Kullum sai ya ce ni zan zauna gaba kusa da shi, kuma kada in faɗa a gida."

Mutumin da na so ya tsaya a madadina ke nan.

Mataki na 6: Ka sayi usur

Mai ƙara sosai. Ka danna hatiminka, ka ce su bincike ka har kakanninka, su binciki na kusa da kai ma.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa barcinsa ko ƙimarsa a unguwa, shi ya jiyo, babu ruwana, babu ruwan Sachie. Mai ƙorafi ya same ni a fili ranar Lahadi da sassafe. Ni ne mai tumbin nan da ke haki a bakin layi. Idan ka ga satar gida ta wuce ni, ka yi haƙuri, ba ƙwallon nake kallo ba.