Yadda Za Ka Riƙe Hular Kwanon Da Ta Yi Maka Yawa

Ɗan'uwa maigadi, idan kamfaninku ya sayo hular kwano guda ɗaya tal, mai madubin gani cikin duhu, manaja kuma ya ce wanda ta zauna wa daidai shi ne shugaban masu gadin sito, to da kai nake. Na yi kwana goma sha ɗaya cur da irinta a kaina. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin hular ba za ta taɓa hawa kan Dogo ba, wato abokin aikinka mai ƙaton kai.

1. Ranar gwaji

Ka riga kowa miƙa hannu. Hular za ta zarmo har karan hancinka. Kada ka taɓa ta. Ɗaga haɓa sama kamar mai kallon jirgi, ka ce, "Ranka ya daɗe, kamar an auna." Manaja sauri yake yi, zai yarda. Dogo zai tsaya yana kallonka. Ƙyale shi, hassada ce.

2. Ciko

Soson da ke ciki ba zai ishe ka ba. Ka ƙara safa ƙafa biyu da ɗankwalin matarka, wanda ta fi so, don shi ya fi laushi. In ta tambaya, ka ce sirrin aiki ne. Kuma kada ka ji kunyar ƙaramin kai. Binciken da na yi ni kaɗai ya nuna tunani ya fi saurin zagayawa a cikinsa.

3. Maɗaurin haɓa

Ja shi har sai muryarka ta canja. Hamma ba za ta yiwu ba, wannan kuma riba ce ga maigadi.

4. Nauyin gaba

Madubin a goshi yake rataye, kuma nauyi gare shi. Zai rinjayi hular gaba, kafin awa biyu wuyanka ya sage. Za ka ga takalmanka tar, kore shar, amma katanga sai dai labari. In Dogo ya tambaye ka abin da ka yar a ƙasa, ka ce sawun ɓarayi kake bi.

5. Nauyin ƙeya

A bayan hular akwai 'yar jaka da ake sa ƙarfe don ya daidaita nauyin. Ƙarfen ya zo a cikin kwali, kai kuma ka yar da kwalin tun ranar farko. Kada ka nemi wani wajen manaja, zai fara tambayoyi. Ni na gwada dutse, na gwada batir, duk ba su yi ba. Abu ɗaya ne ya dace: ƙaton kwaɗon da ke ƙofar bayan sito. Ai kai ne shugaba, makulli yana aljihunka. Cire shi ka sa a jakar, ka ja ƙofar kawai, babu wanda zai lura. Nan take hular za ta zauna daram. Wallahi ranar da na yi haka, saura kaɗan in yi hawaye don daɗi.

6. Tsayuwa

Ka kafe a ƙofar gaba, inda kyamarar manaja take ganinka. Kada ka yawaita waiwaye, ciko zai zame. Ƙarar mota da za ka ji ta baya, ka bar ta a matsayin ta maƙwabta.

7. Safiya

Za a tarar da ƙofar baya a wangale, tayoyin motar da aka sauke jiya babu ko ɗaya. Manaja zai duba ya ga ba a fasa komai ba, ya juyo a hankali ya ce, "To, ina kwaɗon?"

Dogo ne zai zagayo bayanka, ya zuge jakar, ya ciro kwaɗon ya ajiye a kan tebur.

Kada ka karaya. 'Yan sanda za su tafi da hular a matsayin shaida, har da ɗankwalin. Dogo zai zama shugaba, amma da tocila a hannu. Ka ga na cika alkawari.

Sanarwa: babu ruwan mai wannan rubutu da tayoyin da suka ɓata, ko aikin da ya kuɓuce, ko abin da matarka za ta ce. Mai ƙorafi ya same ni da rana a wurin ajiye motoci na kasuwa. Sai dai ya zo ta gabana, don har yanzu wuyan ba ya juyawa.