Jatau da Ƙa'idar Jera Uku

A Tungar Ɗorawa akwai wani saurayi Jatau, shi da mahaifiyarsa Inna Marka da awaki huɗu a gida ɗaya. Ba ya ƙarya, ba ya faɗa, sai dai duk abin da aka gaya masa haka zai yi shi, ko ƙwayar gero ba ya ragewa. Yana son Lantana, 'yar mai fura. Habu tela ma yana son ta, shi kuwa bakinsa zuma. Mahaifinta ya ce ta zaɓi ɗaya kafin a gama girbi.

Wata rana a ajin yaƙi da jahilci, Malam Sidi yana koya wa su Jatau yadda ake kwatanta abubuwa da Turanci: dogo, wanda ya fi tsawo, wanda ya fi duka. Ya ce kada mutum ya ce abu ya fi duka sai ya jera aƙalla uku ya duba da idonsa. Kalmomin Turancin sun zube wa Jatau tun kafin ya kai gida, amma wannan ƙa'ida ta zauna daram.

Wata rana Inna Marka ta aike shi kasuwa ya sayo kabewar da ta fi girma. Ya bi rumfa rumfa yana kwaso kabewar mutane yana jerawa a tsakiyar hanya. Kafin ya gama dubawa, babu mai kabewar da ya san tasa. Sai da sarkin kasuwa ya raba faɗa. Jatau ya dawo da ƙulu a goshi da kabewar da ta fi girma, kuma wallahi ita ce.

Wata rana Lantana ta dama masa fura, ta tambaye shi cikin wasa ko furar wa ta fi daɗi a garin. Ya ajiye ludayi ya fita. Gida tara ya shiga yana sha, ya kwana biyu yana riƙe da ciki. Da ya samu sauƙi ya zo ya shaida mata tata ce ta biyu, ta Goggo Delu ce ta ɗaya. Mako guda ba ta fito zance ba.

Wata rana, ana saura kwana uku wa'adi ya cika, Lantana ta aika wa Jatau da Habu cewa ran Juma'a da la'asar za ta tambaye su wace budurwa ta fi kyau a garin. Inna Marka ta roƙi ɗanta ya ce Lantana ce kawai a huta. Jatau ya ce sai ya duba. Ya je bakin rijiya ya zauna tun safe har yamma, kwana uku, 'yan mata suna watsa masa ruwa suna ce masa maye.

Ran Juma'a Habu ya rantse ta fi duk matan garin, har da na birni, shi da ya auna wuyansu ɗaya bayan ɗaya. Lantana ta juya ga Jatau. Ya sunkuyar da kai.

"Ban samu amsa ba," in ji shi. "Na zauna don in jera uku. Amma duk wadda ta taho, da na ga ba ke ba ce sai idona ya koma kan hanyar gidanku. Ko fuskar ɗaya ban riƙe ba. Ki ƙara mini kwana."

Habu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Lantana ba ta yi ba. Ta daɗe tana murza bakin gyalenta, sannan ta ce wa Jatau ya je ya gaya wa Inna ta turo manya.

Ya miƙe zai tafi, ya waiwayo ya tambaye ta manya nawa.

"Uku," ta ce. "Kuma kada ka jera su."