Kwalkwalin Kaka da Dutsen Gugar Dona Petrona

"...lafiya lau muka kwana, ja'ira. Ke fa? Ko warin gam ɗin nan ya ƙarasa cinye 'yar ƙwaƙwalwar da ta rage miki?"

"Lafiya lau, Janar. Har ka iya tasowa ba a ɗaga ka da igiya ba?"

Ni dai ina bakin murhuna ina toya wainar masara, kuma kun san katangar da ke tsakanina da gidan Don Bartolo ko kaza ba ta tsayawa neman izini kafin ta tsallaka. Ban sa kunne ba, maganar ce ta zo ta same ni.

Don Bartolo shi ne shugaban masu shigar sojojin Rum a jerin gwanon coci na Juma'ar Ista tun ina goye. Jikarsa Maribel kuwa bana ta buɗe rumfar yin kwalkwali, ƙungiyar coci ta ba ta aikinta na farko, na sojojin gaba ɗaya. Ta ari tsohon kwalkwalin tagulla na kakan, ta lulluɓe shi da roba ta fitar da mazubi, ta yi ta zuba gam tana ɓare sababbi. Ga su nan jere a tsakar gida suna shan rana, kowanne da jan zankonsa na tsintsiyar buroshi. Kuma kowanne da lotsawa a gefen hagu, wuri ɗaya, kamar 'ya'yan mutum ɗaya.

Don Bartolo ya zagaya su yana riƙe da ƙugu. "Kai, masha Allah! Duk sun ɗauko ni."

"Abin da ya kashe ni ke nan. Don Isidro, shugaban ƙungiya, ya zo jiya. Ya ɗaga ɗaya, ya dubi lotsawar, ya yi dariya har sai da na ba shi kujera. Ya ce ko in cike ramukan nan kafin Alhamis, ko su je birni su yi haya, ni kuma in koma sayar da tumatir."

"Isidro? Wanda ko mashin kwali bai iya riƙewa ba? Me ya sani game da yaƙi?"

"Kai da ka sani ai ka hana ni cike ramin da yumɓu kafin in zuba roba. Ka tsaya a kaina kamar ungulu a mahauta, wai haka na Rumawa na asali yake."

"Haka yake mana! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutsen nan mai aman wuta ba zai hango ba. Wannan tabon jarumta ne. Dokin mai shigar gwamna Bilatus ne ya firgita a gaban coci, zai tattake mata da yara, na tare shi da kai. Ya harbe ni, ƙafarsa ta karye, ni ko atishawa ban yi ba."

"Bara ka ce alfadari ne."

"Ya girma ne a bakin mutane."

"Bara waccan ka ce ƙararrawar coci ce ta faɗo."

"Ita ma ta faɗo! Rana ɗaya aka yi duka. Ke kina ina lokacin? Uwarki ma ba ta san hanyar makaranta ba."

"To, tsoho mai ran ƙarfe, ga samfefa ta kankara, ga foti na cike rami. Zauna mu cike tabon jarumta. Hannu biyu ba za su gama kafin Alhamis ba."

"Ni? Janar guda in zauna ina kankare roba kamar mai wankin tukunya? Hannun nan takobi ya sani."

"Takobin katako."

"Ko na katako ne, an fi jin tsoronsa da wannan bakin naki. Wa zai aure ki ma, kina warin fenti kamar sabuwar motar haya?"

"Kai mana. Wa ya rage maka? Haƙori uku, biyu na rawa."

"Ukun nan sun ci naman da ba ki taɓa gani ba."

Maribel ta nufi inda aka jera su. Ta ɗauki kwalkwali ɗaya da ta riga ta fesa wa ruwan zinariya, ta juya shi yana ƙyalli. A nan na bar waina ta ƙone, don na san yarinyar nan, in ta yi shiru to ta haƙa rami.

"Kaka, ka san halin roba? Ba ta da kunya. A tagullarka tsatsa ta rufe komai. Amma ita roba ko gashin sauro ta samu sai ta kwafo. Dubi nan da kyau. Wane irin doki ne mai kofato mai kusurwa uku?"

"Dokin ƙasar waje ne."

"Mai tsini a gaba, mai faɗi a baya?"

"An yi masa gyaran kofato."

"Jiya na ɗauko tsohon dutsen gugar Kaka Petrona, mai cin gawayi. Na ɗora bakinsa a ramin. Kaka, ya zauna daram, kamar don shi aka haƙa."

Jama'a, na ga Don Bartolo ya tsaya a gaban bijimi bai motsa ba, amma ranar sai da gashin bakinsa ya kwanta. Ya waiga ƙofar kicin, ya rage murya.

"Ke, rufa mini asiri. Wa ya gaya miki?"

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, naka kuwa har da kusurwa. Me ka yi mata?"

"Ban yi komai ba! Zankona ne ya tsufa, ana gobe Juma'a, kasuwa babu jar tsintsiya ko ɗaya. Ita kuma ta sayi sabuwa fil, ko ƙura ba ta taɓa ba. Na ce aro. Na yanke kan na ɗaura. Na shigo ina taku in burge ta, tana cikin goge mini alkyabba. Ta dubi kaina, ta dubi sandar tsintsiya a bayan ƙofa..."

"Sai doki ya yi harbi."

"Kwana uku ina jin ƙararrawa. Kin ga ban yi ƙarya a kan ƙararrawa ba."

Maribel ta yi dariya har ta zauna a kan bokitin foti. "To zaɓi naka. Ko ka kama samfefa, ko in bar su haka. In za a kore ni, gara a kore ni da labari. Sojoji su fita ranar Juma'a kowa da tambarin Dona Petrona a ka, ni kuma in bi ku a baya da dutsen guga ina nuna wa jama'a."

"'Yar banza! Jinina ne a jikinki kuwa?"

"Shi ne ma."

Ya ja kujera yana ƙunƙuni, ya ɗauki kwalkwali ya kafa a gwiwa. "Miƙo fotin. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Amma ki sani, a rubuce za a sa cewa ba a ci ni da yaƙi ba, sulhu aka yi."

Ya cike ɗaya, ya cike biyu, kuma in faɗi gaskiya hannun tsohon ya fi nata laushi. Da ya kai na uku sai ya tsaya. Ya shafa zankon, ya kai hanci.

"Maribel. Sauran zankayen sababbi ne. Wannan me ya sa gashinsa ya kwanta gefe guda? Har da ɓawon albasa a ciki."

"Kaka, yi aikinka."

"Ke, dube ni."

"Ɗaya ce ta kasa! Na zagaye kasuwa, duk jajayen an saye. Na ce aro ne, bayan Ista in mayar..."

Ba ta rufe baki ba muryar Dona Petrona, matar Don Bartolo, ta taso daga cikin gida, irin muryar da ke sa karnukan unguwa shiga ƙarƙashin mota.

"Bartolo! Wane la'ananne ne ya yanke mini kan tsintsiya?"

Sai ga ƙarar takalminta, da ƙamshin gawayin guga yana gaba.

Don Bartolo ya kwashe da dariya har haƙoran nan biyu suka yi rawar gaske. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!" Ya miƙa hannu kan shiryayye, ya sauko da tsohon kwalkwalin tagulla, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi sai yana tsaye, ya kifa wa Maribel a ka, ya ɗaure igiyar a haɓa.

"Na ba ki, halak malak, kin gaje ni. Na roba ba zai ɗauka ba. Juya mata ɓangaren dama, hagu ya riga ya biya."